Gwaji ya nuna ƙashin Mama da sauƙi, amma ta karye

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 61, al'adarta ta ɗauke shekara 10 da suka wuce, kuma shekararta 12 da ciwon suga nau'i na biyu. Bara an yi mata gwajin ƙashi na DXA ya nuna -1.8, aka ce ba ta kai ga zaizayewar ƙashi ba. Sai ga shi santsi ya kwashe ta a banɗaki ta karye a wuyan hannu. Tana shan pioglitazone da glibenclamide. Ko gwajin ne bai yi daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Gwajin bai yi kuskure ba. Na'urar tana auna yawan ma'adinin da ke cikin ƙashin baya da na kwatangwalo ne kawai. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, daga -1 zuwa sama lafiya ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, daga -2.5 zuwa ƙasa kuwa ya zaizaye.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai ciwon suga nau'i na biyu makinta yakan fito daidai, wani lokaci ma ya fi na sa'arta mai lafiya, amma ta fi ta saurin karaya. Cikin ƙashi akwai zaren furotin mai suna kolajin, shi ke sa ƙashi ya ɗan lanƙwasa idan an faɗi. Idan suga ya daɗe a sama sai ya manne wa zaren ya sandarar da shi, ya zama kamar busasshen kara. Jiki kuma yakan yi nawa wajen sabunta tsohon ƙashi, ƙananan tsagu su yi ta taruwa. Na'urar ba ta ganin ko ɗaya daga ciki. Ga kuma ɗaukewar al'ada, wadda ke janye sinadarin istirojin mai tsare ƙashi.

Shi ya sa masana da yawa kan rage 0.5 daga makin mai ciwon suga, wato su fara magani tun na'urar ta nuna -2.0, ba sai -2.5 ba. Da wannan lissafin, Mama tana -2.3, dab da -2.5. Karayar ma kanta ta ishe mu shaida, domin lafiyayyen ƙashi bai cika karyewa don an faɗi daga tsaye ba.

Magungunanta biyu suna buƙatar a sake duba su. Pioglitazone yana ƙara haɗarin karaya ga mata, don yana karkatar da ƙwayoyin ɓargo su zama kitse maimakon su gina ƙashi. Glibenclamide kuwa yakan kayar da suga ƙasa sosai, musamman ga dattijai da masu azumi, jiri ya ɗebe su. Kada ta daina da kanta, likita ne zai canza. Metformin, wani maganin suga, ba a san shi da cutar da ƙashi ba. Ki kuma bincika ko tana shan dexamethasone ko prednisolone na kemis don ciwon gaɓoɓi. Waɗannan suna hawar da suga, suna cinye ƙashi.

A auna tsawonta. Idan ta ragu da santimita 4 ko fiye daga tsawonta na da, a ɗauki hoton ƙashin baya, domin yakan durƙushe ba tare da an sani ba. A gwada ƙoda da kalsiyam da bitamin D, a duba idanu da mutuwar tafin ƙafa, don matsalarsu kan jawo faɗuwa.

Idan an rubuta mata alendronate, maganin zaizayewar ƙashi, miligiram 70 ne sau ɗaya a mako, da sassafe kafin ta ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla. Kada ta kwanta ko ta ci abinci sai bayan minti 30, in ta kwanta yana iya ƙona maƙoshi, abinci kuma yana hana shi shiga jiki. Ba a ba mai ƙodar da ta yi rauni sosai. Tana buƙatar kalsiyam kamar miligiram 1,200 a rana. Kofin madara ko kindirmo marar sukari yana ba da kusan 300, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu da zogale su ƙara. A sa fitila a hanyar banɗaki, tunda mai suga takan tashi fitsarin dare.

In ta sake faɗuwa ta kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kwatangwalo ne ya karye, asibiti za a nufa nan take. Ɗorin gida mai matsewa yana iya tare jini a gaɓar mai suga, ita kuwa ba lallai ta ji zafin da zai sanar da ita ba.