Lasisin Ohio ba ya tsallake kogin Delaware

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Columbus. Yana da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga na jihar Ohio, sana'arsa kai motocin gwanjo tashar jiragen ruwa ta Newark a jihar New Jersey. Tun da aka yi masa fashi a gidan mai yake tafiya da bindigar a aljihun gaban mota. Ƙanensa mai bizar karatu kan ari motar, baffansa kuma ya dame shi daga Zamfara: a ɓoye masa guda a cikin motar da za a sa a kwantena, wai wani ejan na jigilar kaya ya ce ya san hanya.

Malam, ka fi damuwa da maganar baffa, amma ni Newark ce ta tayar min da hankali. Da ka haye gadar kogin Delaware daga Pennsylvania ka shiga New Jersey, lasisinka ya zama takardar banza, don jihar ba ta san da shi ba. A 2013 'yan sanda suka tsayar da wata mata, Shaneen Allen, mai lasisin Pennsylvania. Ita da bakinta ta gaya musu tana da bindiga, aka kama ta, ɗaurin shekara 3 da rabi ya rataya a wuyanta, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Ita 'yar ƙasa ce. Kai kuwa, hukunci ɗaya kan laifin bindiga, komai ƙanƙantarsa, ya isa a tasa ƙeyarka gida, girin kad ɗin ba zai tare maka komai ba.

Direbobi za su ce maka ai akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba da damar wucewa ta kowace jiha da bindiga. Akwai ta, amma da sharaɗi: babu harsashi a ciki, a kulle a but inda hannu ba ya kaiwa, kuma inda ka nufa ya halatta maka riƙe ta. Kai ba wucewa kake ba, Newark ce zangonka. Ranar tafiyar tashar ruwa, a bar ta a gida cikin akwatin ƙarfe mai makulli.

A cikin Ohio, in an tsayar da kai, kashe mota, sauke gilashi, kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari. In an tambaya, faɗi inda bindigar take da baki, kada ka nuna da hannu. Kuma raba ta da takardun mota tun yau. Ana ce maka kawo inshora ka buɗe aljihun nan ta bayyana, sai abin da Allah ya yi. Philando Castile yana da lasisi lokacin da ɗan sanda ya harbe shi cikin motarsa a Minnesota a 2016.

Ƙanenka kuwa, dokar tarayya ta hana mai bizar karatu riƙe bindiga sai da 'yan togaciya, don haka kada ka miƙa masa makulli tana ciki.

Sai baffa. Abin da 'yan bindiga ke yi a Zamfara ba wanda bai sani ba, tsoronsa gaskiya ne. Amma abin da ya roƙa sunansa fasa-ƙwauri, ɗaurinsa a Amurka yana kaiwa shekara 10, a Najeriya ma fistol sai da izinin shugaban ƙasa. Ejan ɗin nan na san irinsu: na ga wanda aka kwance ƙofar motarsa a tashar ruwa, sunansa ne a takardar kaya, ejan ya kashe waya. Baffan da zai yi fushi don ka ƙi shiga kurkuku bai yi maka adalci ba, ko da shi ya riƙe ka. Ka gaya masa a'a cikin ladabi, ba ta bakin ɗan aike ba, ka tambaye shi nawa ne hayar gida a Gusau don ya koma can, ka tura abin da ya sawwaƙa. Kafin lodinka na gaba kuma ka zauna da lauyan shige da fice, ba na haɗarin mota ba.