Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Hoton Baƙi-da-Fari Ya Fito a Shafe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hoto da waya in mayar da shi baƙi-da-fari, amma sai ya fito a shafe, ba a gane na kusa da na nesa. Laifin wayar ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Galibi wayar ba ta da laifi. Da zarar an cire launi, haske da duhu kaɗai suka rage wa ido. Jar hula da koren ganye, in ƙarfin haskensu ɗaya ne, duk toka-toka iri guda za su koma, su manne da juna. Sannan ƙwayar da ke karɓar haske a kyamarar waya ƙarama ce, shi ya sa na gaba da na baya duk suke fitowa tar. Ke nan kai ne za ka samar da zurfin tun wajen ɗauka.

Fara da haske. Da tsakar rana inuwa na ƙarƙashin ƙafa, komai sai ya baje. Bari sai da safe ko bayan la'asar, ka tsaya inda rana ke bugun abin daga gefe. Gwada da katangar ƙasa: kowane gurbi da tsagewa zai sami 'yar inuwarsa.

Sai ka jera hoton hawa uku: abu a kusa da kai kamar mita 1, wanda kake ɗauka a tsakiya, sannan na can nesa. Misali, tsaya cikin zaure ka ɗauki mai wucewa a waje. Taɓa allo a inda haske yake, ka danne har ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Bakin ƙofar zai yi baƙi ƙirin ya zame wa hoton firam. Hazon hunturu ma, da masu hoto ke kuka da shi, a nan riba ne: yana dusashe na nesa, ya bar na kusa da duhunsa.

Kunna Grid (layukan da ke raba allo gida tara) a saitin kyamara, ka ɗora mutumin a kan ɗaya daga cikin layuka biyun tsaye maimakon tsakiya.

Tambaya: In ɗauka kai tsaye da baƙi-da-fari, ko in juya daga baya?

Amsa: Ɗauki mai launi, da RAW (tsarin ajiye hoto da ke riƙe duk bayanan da kyamara ta ɗauka) in wayarka na da shi, ka juya daga baya. Launin ne ke ba ka damar raba tokar. A manhajar gyaran hoto ta Snapseed, buɗe Black & White ka gwada matatun launi. Ja na duhunta shuɗin sama, gajimare ya fito fili, yana kuma haska fata. Kore na haska ganye.

Amma kada ka cika Contrast, wato ƙara tazara tsakanin haske da duhu. JPEG, nau'in fayil ɗin hoto da aka fi sabawa da shi, matakan toka 256 kawai gare shi. In ka matsa masa, sama za ta yi layi-layi, aikin da ke jikin farar babbar riga kuma ya ɓace.