Kafin ka sa baƙinka a ruwa, je ka gaida mutanen kwata

Wa alaikumus salam ɗana, na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce surukanka na Kaduna za su zo Yauri da yara hutun ƙarshen shekara, kuma ƙanin matarka zai ɗauro wannan ƙaramin jirgin roba da ake kira kayak a kan mota, kana so ka kai su kogi su koyi tuƙi, shi ne kake tambaya ko dole ne sai an je an gaida Sarkin Ruwa da masu fito tukuna, ko dai camfi ne na mutanen da. Toh na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yi.

Ka je ka gaishe su. Goro ka riƙe, ko ɗan abin da ya sawwaƙa, ka ce ga baƙi na kawo ina so su ɗan taɓa ruwa, ina ne ya dace. Ba tsafi za ka je yi ba kuma ba wanda zai ce ka yanka wani abu, in ma wani ya ce ka bar wurin. Amfanin gaisuwar shi ne amsar da za su ba ka. Mutumin da ya kwana ya tashi a kwata shi ya san inda dorina take kiwo a wannan satin, ya san inda aka shimfiɗa raga, ya san wane lungu ne ruwa ke juyawa. Kuma daga lokacin da ka gaishe su baƙinka sun zama nasu, ido na kanku ko ba ku sani ba, wani abu na faruwa kafin ka buɗe baki jirgi uku sun taso.

Kai an haife ka ka tarar da ruwan a haka, ni kuwa ina yaro lokacin da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya hau ya shanye gungaye da gonaki, aka tashi Gungawa da sauran mutanen bakin kogi aka sake musu matsuguni. Itatuwan da ruwa ya rufe har yau kututturensu na nan a ƙasa, sama lumui kamar faranti, ƙasa kuwa ga abin da zai fasa jirgi. Wannan ba a waya za ka gani ba, sai a bakin masunta. Sannan Kwara, wato kogin Neja, cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, sai kuma baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gini ya ratsa Mali da Nijar, ba ya iso mu sai cikin hunturu. Wato daidai lokacin da baƙinka za su zo kogi a cike yake, ga sanyi, ga iska da hazo, alhali baƙo zai ɗauka ai rani ne ruwa ya ja baya.

Yanzu yadda muke koya wa sabon shiga. Ranar farko ba a ba shi filafili. A kwale-kwale babba za ka sa su, da mai fito wanda mutanen kwata suka nuna maka, su zauna ƙasa a tsakiya su ji yadda jirgi ke rawa har jikinsu ya daina tsorata. Shiga ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye, hannu na riƙe da gefe, takalmi a cire, a yi bismillah da addu'ar da Annabi Nuhu ya yi da zai shiga jirgi. Ba a miƙewa tsaye, ba a canza wuri, ba a leƙawa gefe ɗaya gaba ɗaya don an ga kifi ko don ɗaukar hoto, wallahi wannan hoton shi ne ya fi ba ni tsoro a yaran yanzu. Yaro mai ƙiriniya ka ba shi ƙwarya ya riƙa kwarfe ruwa, mu ma da kwarfa muka fara, sai da muka daɗe muna yi kafin a yarda mu riƙe filafili.

Shi kuma kayak ɗin ba na ƙinsa, jirgi ne, sai dai mutum shi kaɗai yake ciki kuma filafilinsa baki biyu ne, saurin juyawa gare shi. A fara da shi a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, wurin yashi, kai kana tsaye a ruwa kana riƙe da bayansa. Ka sa kowa ya kife da gangan sau ɗaya a nan gefe ya fito ya kama jirgin, don ya san yadda abin yake tun kafin ya same shi ba shiri. In za su ɗan matsa ciki to su fara da haurawa sama, saboda in hannu ya gaji ruwa ya dawo da su gida, kuma kwale-kwale na biye da su.

Rigar kariya kowa sai ya sa, har wanda ya ce ya iya iyo, iyon kwamin otal daban na kogi daban. Na san da ba mu da ita, amma da ɗin ma mun binne mutane, kuma ba ka manta da jirgin da ya nutse wajen Warra a 2021 ba, gidaje nawa aka yi zaman makoki. Babbar riga a tuɓe a bari a mota, mata su ɗaure hijabi da zani kada ya yi jan ƙasa, mai goyo kuwa ta zauna a gaɓa ta yi kallo, ban yarda a shiga da jariri ba. Da la'asar ta yi ku fito, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma ta hana tafiyar dare a ruwa, mu tun kafin ita ba ma kai baƙo ruwa da magariba.

Sai abin da na san zai fi ba ka wuya, kunyar suruki. In baban matarka ya ce zai miƙe ko ya ce rigar ta matse shi, kai ba za ka iya ce masa a'a ba, na sani, kuma ban ce ka yi ba. Shi ya sa tun a gida za ka faɗa wa matarka ta gaya wa mahaifiyarta, sannan a kwata ka bar mai fito ya yi magana, domin a al'adarmu cikin jirgi maganar mai jirgi ce a sama ko da sarki ya ɗauko, ba wanda zai ji an raina shi.

In sun ji daɗi ka ce su dawo lokacin bikin Rigata su ga yadda samarinmu ke tseren jirage. Ka sanar da ni ranar da za su iso, in Allah ya ba ni lafiya ni zan raka ka kwata da kaina, akwai tsofaffin da muka yi kwarfa tare har yanzu suna nan. Ka gaida maman yara.