Kai CephFS daga Linux zuwa Windows: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin kwamfuta ne. Muna da sabar guda uku masu Linux da ke ajiye fayiloli a tsarin CephFS, wanda ke rarraba fayiloli a kan sabar da yawa, ina so kwamfutocin Windows ma su riƙa ganinsu. Ba lambobin manhajar kawai zan ɗauka in sake haɗawa a Windows ba?

Amsa: Ina ma haka ne, ƙanena. Ɓangaren da ke magana da sabar ta hanyar sadarwa ba ya ba da wahala sosai. Rigimar tana wurin da manhajar ke haɗuwa da kanel, wato zuciyar tsarin. CephFS ya shiga kanel ɗin Linux tun 2010, amma ƙofar da Linux ke karɓar tsarin fayil da ita daban, ta Windows daban. Wannan sashe sai an sake rubuta shi.

Bayan haka sai halayya, kuma nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe. A Linux, Rahoto.txt da rahoto.txt fayiloli biyu ne. Windows a al'adarsa ɗaya yake ɗaukarsu, to wanne zai buɗe maka? Ka sa wa fayil suna "taro 12:30" a Linux, lafiya lau, Windows kuwa ba ya yarda da ɗigo biyun nan a suna. Sunaye irin su CON, NUL da AUX ma ya keɓe wa kansa tun zamanin DOS, tsohon tsarin da ya gabaci Windows. Linux zai bar ka ka goge fayil alhali wani na amfani da shi, Windows sau da yawa ya ce atafau. Ga batun izini: Linux da lambar mai fayil da ta rukuninsa yake aiki, Windows da wani dogon jeri na waye zai yi me.

Shawarata, kada ka taɓa kanel ɗin Windows. Kuskure ɗaya a direba, wato manhajar da ke aiki a cikin kanel, sai shuɗin allo, kwamfutar gaba ɗaya ta tsaya. Masu Ceph da kansu, a sigar Pacific ta 2021, ta kan Dokany suka bi, wanda ke barin tsarin fayil ya gudana kamar kowace manhaja, irin aikin FUSE a Linux. Gudun ya ɗan ragu, amma in ta faɗi ita kaɗai ta faɗi.

Saboda haka girka Dokany da ceph-dokan, wato manhajar Ceph da ke aiki ta kansa, ka fara gwaji da fayiloli biyun nan masu suna ɗaya. In kuma aikin gaggawa ne, ɗora Samba, manhajar da ke nuna wa Windows fayilolin Linux, a kan sabar ɗaya ka huta.