Fuskar mahaifiyarmu ta kumbura saboda maganin femfigus, mu daina ba ta?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 52. Gyambo ne ya fara fito mata a baki, ko tuwo ba ta iya haɗiyewa, daga baya sai bororo a baya da ƙirji, yana fashewa fata na salewa kamar wadda ta ƙone. A asibiti aka yanki ɗan fatarta aka auna, aka ce femfigus ce, aka ɗora ta kan firednisolon ƙwaya 12 kullum. Wata uku ke nan, gyambon ya warke, amma fuskarta ta kumbura, suganta ya hau, ba ta barci. Dangi sun ce maganin ne ke kashe ta, a daina a koma na gargajiya. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kada ku tsayar da maganin nan rana ɗaya, ko da wa ya ce. Ku kai ta wurin likitan fatar da ke duba ta cikin makon nan, ku gaya masa duk abin da kika rubuto min.

Femfigus ba sammu ba ce, ba jifa ba ce, kuma ba a ɗaukarta. Ki ci abinci kwano ɗaya da Mama, ki wanke mata gyambonta, babu abin da zai same ki. Garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar wani sinadari mai suna dezmogilin, wanda ke manne ƙwayoyin saman fata da juna kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Idan ya lalace sai saman fatar ya rabu, ruwa ya taru. Shi ya sa bororon ba ya da ƙwari, ko goga zane ya isa ya fasa shi. Kuma a yawancin masu ita daga baki take farawa, kamar yadda ta yi wa Mama, har a yi watanni ana shan maganin ciwon baki ba a gano ta ba.

Kafin shekarun 1950, lokacin da aka fara amfani da sitiroyid, wato rukunin magungunan da firednisolon ke ciki, mafi yawan masu wannan cuta rasuwa suke yi, saboda ruwan jiki na tsiyayewa ta inda fata ta sale, ƙwayoyin cuta kuma su samu ƙofar shiga jini. Magungunan sitiroyid irin su firednisolon ne suka sauya labarin. Ƙwaya 12 na mai miligiram 5 ya kama miligiram 60, kuma idan nauyinta ya kai kilo 60, an yi mata lissafi daidai, miligiram ɗaya kan kowane kilo. Ba wuce gona da iri aka yi ba.

Amma dangi ba ƙarya idonsu ya gani ba. Zagayewar fuska, tudun kitse a bayan wuya, yawan ci, rashin barci, saurin fushi, hawan suga da hawan jini, duk aikin maganin ne. Akwai ma waɗanda ba a gani da ido, kuma su suka fi damuna: ƙashi na rasa ƙwari, yanar ido na iya rufe gani, garkuwa na yin rauni har tarin tibi da ya kwanta a jiki ya tashi.

To me ya hana a daina? A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe bugun jini da suga, musamman lokacin rashin lafiya. Idan mutum ya sha sitiroyid, wanda ke yin irin aikin kotisol, fiye da mako uku, sai ta ga aiki ya samu mai yi, ta kwanta. Mama ta yi wata uku. Ranar da kuka tsayar, jikinta zai wayi gari babu na ƙwaya, babu na kansa. Sai kasala, amai, jiri, bugun jini ya yi ƙasa, wani har ya suma, kuma ana rasa rai ta haka. Bayan wannan ga cutar za ta dawo, sau da yawa fiye da farko, dole a sake komawa babban awo. Mun sha karɓar marasa lafiya a naɗe cikin zane, zanen ya manne da bayansu sai an jiƙa shi da ruwan gishiri kafin a ɓanɓare, kuma da ka tambaya sai a ce ai an ga sauƙi ne aka daina.

Abin da ya kamata a yi shi ne ragewa, kuma a ganina lokacinta ya yi. Tunda sabon bororo ya daina fitowa kuma tsofaffin sun warke, likita zai riƙa zaftare awon kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu zuwa huɗu, yana sassautawa idan an zo ƙasa. Abin kan ɗauki watanni, wani ya haura shekara. Ki tambaye shi kai tsaye ko za a haɗa mata da maganin da ke rage buƙatar sitiroyid, irin su azatiyofirin ko maikofinolet. Suna ɗaukar makonni kafin su kama, kuma sai ana gwajin jini a kai a kai. Akwai kuma rituksimab da ake sawa ta ƙarin ruwa. A wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2017, kashi 89 cikin 100 na waɗanda aka ba shi tare da sitiroyid na ɗan lokaci sun samu lafawar cutar ba tare da shan komai ba bayan shekara biyu, a inda masu shan sitiroyid kaɗai suka tsaya a kashi 34. Tsada ce matsalarsa, kuma sai an auna ciwon hanta kafin a ba da shi.

A gida, ta sha ƙwayoyin gaba ɗaya da safe bayan ta karya, wannan kaɗai kan gyara barci. Da azumi sai a mayar lokacin sahur, bayan an yi shawara da likita. A rage gishiri da dunƙulen miya, a cire suga daga koko da shayi. Sugan da ya hau yana buƙatar nasa maganin, kada a zuba masa ido. Ki tambayi kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi, a duba idonta, kuma kada a sayo mata diklofenak ko ibufurofen a kemis, haɗuwarsu da sitiroyid na huda ciki. Kada a shafa toka, garin magani ko man zafi a inda fata ta buɗe.

Zazzaɓi, tari da ya ƙi tafiya, baƙin bayan gida, ko amai da ya hana maganin zama a ciki, duk na asibiti ne a ranar, ba sai an jira ranar ganin likita ba. Ki rubuta sunan maganin da awonsa a takarda ta riƙa yawo da ita a jaka. Kumburin fuskar kuwa zai riƙa sacewa yayin da awon ke sauka, ki gaya mata haka yau ɗin nan.