Filin da aka binne sharar masana'antu zai sake amfanuwa?

Malam kana tambaya ko filin da masana'antu suka binne shara mai guba zai sake amfanuwa bayan an gyara shi. Eh zai yiwu, amma fa ba kowane irin amfani ba.

Galibi ba kwashe sharar ake yi ba, don tonon kansa yana tayar da gubar, ga tsada. Rufe ta ake yi da yumɓu da leda mai kauri sannan a bi da ƙasa, a sa bututu yana janye ruwan da ke tsatsowa ana tacewa, ga ƙananan rijiyoyi a kewaye ana auna ruwan ƙasa shekara da shekaru.

Bayan nan a kafa sola a kai ko wurin ajiye motoci, ba matsala. Amma gidaje da noma da haƙa rijiyar sha, a'a wallahi. Duba unguwar Love Canal a Amurka, kamfani ya binne sinadarai wajen tan 21,000, aka zo aka gina makaranta a wurin da gidaje a gefe, a 1978 dole aka fara kwashe mutane. Wannan lamari ne ya jawo dokar Superfund ta 1980, wato dokar Amurka ta gyara wuraren da shara mai guba ta ɓata, kuma har yau tsakiyar filin a killace yake.