Na sami "ɗan'uwa" a Sudan ta shafin salsala, yanzu yana neman kuɗi: in tura masa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Wan kakana ya bar Kano da ƙafa zuwa aikin Hajji tun zamanin Sarki Alhaji, bai dawo ba. Labari na ƙarshe da aka samu ta bakin wani alhaji shi ne yana noman auduga a Sudan, har ya yi iyali. Mahaifina ya haura tamanin, jiki ya yi rauni, kullum burinsa ya ji muryar jinin baffansa kafin ta Allah ta kasance. Na shiga wani shafin intanet na haɗa salsalar dangi, na rubuta duk abin da na sani. Sai ga sanarwa cewa an sami wanda salsalarsa ta dace da tawa. Mutumin ya ce shi jika ne, ya faɗi sunan wan kakana da na mahaifinsa da unguwarmu, duk daidai. Da na gaya wa Baba sai da ya yi hawaye. Yanzu mutumin ya ce yaƙi ya raba su da gida, yana neman taimakon kuɗi, ya kuma fara tambaya ko kakansa yana da rabo a gidan gado. Ina tsoron in hana ɗan'uwa a cikin tsanani, ina kuma tsoron a cuce ni. In tura? Ko mu yi gwajin DNA?

Wata mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya cika masa wannan buri. Amsata a taƙaice: kada ki tura ko kwabo da sunan zumunci tukuna, kada kuma ki rufe ƙofa. Labarinki mai yiwuwa ne ƙwarai. Dubban mutanenmu sun bi wannan hanya ta Maiduguri da Njamena da Abeshe, suka shiga Sudan ta Junaina, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, tsayawar ta zama zama. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, kuma 'yan Afirka ta Yamma sun yi aiki a cikinsu sosai. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan har gobe. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuwa ya ratsa jihohin Jazira da Sennar, inda Hausawa suke da yawa. Saboda haka babu abin mamaki a ce jikan wan kakanki yana gudun hijira yau.

Inda gizo yake saƙar shi ne wannan magana taki: "an sami wanda salsalarsa ta dace da tawa." Babu abin da nake fama da shi a wannan aiki kamar wannan fahimta, cewa in shafi ya haɗa mutum biyu, to an bincika an tabbatar. Malama, babu wanda ya bincika komai. Babu wani masani da ya zauna a Amurka yana duba zuriyarku. Manhaja ce take kwatanta suna da suna, shekara da shekara, gari da gari, in ta ga sun yi kusa sai ta turo miki sanarwa. A shafin salsala na Ancestry ɗan koren ganye ne yake fitowa, a MyHeritage suna da nasu salon, amma aikin ɗaya ne. A FamilySearch ma, wanda cocin 'yan Mormon yake gudanarwa kyauta, salsalar guda ɗaya ce ta kowa da kowa: duk wanda ya yi rajista zai iya shiga bayanin mamaci ya canza masa uba, ya ƙara masa mata, ya haɗe shi da wani mai irin sunansa. Tamkar bangon makarantar allo ne, duk mai gawayi yana iya rubutu a kai.

Kuma an gina waɗannan manhajoji ne a kan tsarin Turawa, inda sunan iyali yake bin zuriya ɗaruruwan shekaru, ga rajistar coci, ga takardun ƙidaya. Mu fa? Muhammadu ɗan Abubakar nawa ne suka bar Kano a zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953? Abin da muke kira sunan iyali yau, sau da yawa sunan uba ne da yake sauyawa kowane tsatso, ko sunan gari da malamin elementare ya liƙa wa yaro don ya bambanta shi da sauran masu sunansa a aji. Mutum biyu masu amsa sunan Dala ko Gwarzo ba lallai su haɗa ko da kakan kaka ba. Shekarun haihuwa kuwa kar ma a tona. Wajabta rajistar haihuwa a duk Nijeriya ba abu ne da ya daɗe ba. Na baya yawanci takardar rantsuwar shekaru suke riƙe da ita, wadda ake yankar shekara gwargwadon bukatar aiki ko fansho, shi ya sa za ki ga rabin dattawan unguwa an haife su ranar 1 ga Janairu. Da irin waɗannan alƙaluma kwamfuta take yi miki lissafin dacewa. Kama da wane ba ta wane, Malama.

Yanzu ki dubi abin da ya fi ba ki tabbaci: ya faɗi sunan wan kakanki da na mahaifinsa da unguwarku. Ina ya samo su? Ke kika rubuta su. Yawancin shafukan nan suna ɓoye bayanan rayayyu, amma na mamata a buɗe suke in ba ke kika kulle salsalarki ba. Mai son ya yaudare ki ba ya bukatar wata dabara. Ya karanta abin da kika rubuta, ya buɗe tasa salsalar ya kwafa, ya rataya sunansa a ƙasa, manhaja kuma ta aiko miki da albishir. Ban ce haka wannan bawan Allah ya yi ba. Abin da nake cewa shi ne duk abin da ya gaya miki zuwa yanzu, mai gaskiya zai iya faɗinsa, ɗan damfara ma zai iya. Ba ki sami hujja ba tukuna, maganarki ce ta dawo miki.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne masu sayar da shajara. Kin san su: a ba su suna uku da kuɗin goro, kafin mako ya zagayo sun kawo takarda mai ado da zayyana, an ja layi tun daga kai har Bayajidda, ko Shehu Usmanu, ko wani sharifi daga Fas. Ba su taɓa zama gaban tsohuwa ɗaya ta gidan ba. Da can takardar a bangon falo take tsayawa. Yanzu ɗan gidan yana ɗora ta a intanet, wani ya gani ya kwafa, na uku ya kwafa daga na biyu, bayan shekara sai manhaja ta gaya miki salsala goma sun yi ittifaki. Ƙarya ɗaya ce aka maimaita sau goma. Ina ganin masu digiri suna kafa hujja da wannan, in ka tambaye su wa ya faɗa, sai su ce "ai yana intanet." Wannan amsa tana ɓata mini rai, domin nasaba ba abin wasa ba ce a wurinmu. A kanta ake raba gado, da ita ake sanin muharrami. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarta a kira kowa da sunan ubansa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Mai danna maɓalli ya haɗe mutum biyu saboda sunansu ya yi kama, ya sani uba yake sauya wa bayin Allah, ko da bai nufa ba.

To me za ki yi? Ki fara da kulle salsalarki a shafin. Sannan ki zauna da Baba, da gwaggonninki in suna raye, da waya tana ɗaukar murya, ki tattaro abin da ba ki rubuta ba, kuma kada ki rubuta shi a ko'ina. Laƙabin mutumin, domin da wuya a ce da sunan yanka ake kiransa a gida: Tanko ne, ko Dogo, ko Ɗanjuma? Sunan mahaifiyarsa da garinsu. Sana'ar gidanku, rini ne ko dukanci ko fataucin goro? Yana da zane a fuska, wane iri? Shi kaɗai ya tafi ko da mata, ko cikin ayarin wani malami? Ya bar ɗa a gida? Ki duba tsohuwar adakar gidan da gafakar Alƙur'anin kakanki. Sau da yawa a nan ake samun wasiƙar ajami a ninke, takarda ta yi ja, tawada ta fara cin ta, amma sunan wanda ya kawo ta da garin da aka rubuto suna nan a ƙasa. Layi ɗaya na irin wannan wasiƙa ya fi sanarwar shafi ɗari.

Daga nan sai ki koma wurin mutumin, cikin ladabi, ki ce Baba yana son ya san shi. A Sudan takardun hukuma suna ɗauke da suna huɗu: na mutum, na uba, na kaka, da na uban kaka. Ki nemi hoton katinsa ki ga ko sunayen sun jeru yadda ya ce. Ki roƙe shi ya haɗa Baba da babban gidansu, namiji ko mace, ta kiran bidiyo. Ku bar tsofaffin su yi hira, ku matasa ku yi shiru. Kada Baba ya ce "ai Tanko ake ce masa ko?" Ya ce "me kuke kiransa a gida?" Wannan shi ne wurin da mutane suke faɗuwa, don ɗoki yakan sa mai tambaya ya ba da amsa da bakinsa. In Hausar saurayin ta cakuɗe da Larabci, ko ma ba ya jin ta sosai, wannan ba alamar ƙarya ba ce, haka jikoki da yawa suke a can. In bai san wasu amsoshin ba, shi ma ba laifi. Abin da zai sa ki ja da baya shi ne ya ƙi haɗa ku da kowa, kullum uzuri, kullum gaggawa, ko lambar asusun ta zo da sunan wani dabam. Ki kuma nemi shaida ta gefe: Hausawan Sudan suna da sarakunansu da shehunan unguwanni, ga ɗalibanmu da suka yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartoum, ga mazauna Makka da Madina masu dangi a ɓangarorin biyu. In ya faɗi ƙauyensu, da wuya a rasa wanda ya san gidan.

Gwajin DNA yana da amfani a nan, amma ba wanda ake tallatawa ba. Wancan jadawalin da yake cewa kashi kaza na jininka daga ƙasa kaza yake, ba zai gaya miki komai game da wannan mutum ba. Abin dubawa shi ne yawan abin da mutum biyu suka yi tarayya a kai. 'Ya'yan wa da ƙane suna haɗa kusan kashi 12 da rabi cikin ɗari, jikokin wa da ƙanen kuma, wato ke da shi, kusan kashi 3. Don haka Baba ya kamata a gwada, da mafi tsufa a ɓangarensu. A lura kuma auren zumunci, wanda ya yi yawa a gidajenmu, yana kumbura waɗannan alƙaluma har na nesa ya zama kamar na kusa. Ga wahalar kai kwalbar gwaji wurin da ake yaƙi, ga batun sirri: a 2023 an sace bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe, kuma a Maris 2025 kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki a kotu. Ni a ganina ki ajiye gwaji a matsayin mataki na ƙarshe, bayan tsofaffi sun gama nasu.

Maganar gado kuwa, kada ki amsa masa da e ko a'a, don ba hurumin ki ba ne. Ko ya tabbata jika ne, sai an san wa ya riga wa rasuwa, su wa suka rage a lokacin, an raba ko ba a raba ba, kuma alƙali shaidu zai nema, ba hoton shafin intanet ba. In haƙƙinsu ya tabbata, a ba su shi cif, kada nisa ya sa a danne. Amma na ƙi jinin yadda zancen gida ya shigo tun kafin a gaisa da Baba.

Saura tsoronki na hana mabukaci. Ki raba abu biyu: sadaka daban, nasaba daban. In zuciyarki ta kasa natsuwa, ki ba da abin da in ya salwanta ba zai dame ki ba, da niyyar taimakon musulmin da yaƙi ya tagayyara, ki kuma gaya masa a fili cewa wannan taimako ne, bincike yana nan yana tafiya. Shi kuma Baba, ki gaya masa gaskiya a hankali: an sami wanda ake kyautata zato, ana kan tabbatarwa, kuma shi ne zai yi tambayoyin. Ki fara ɗaukar muryarsa a wannan makon, tun daga sunayen 'yan ɗakin su kakanki, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa wanda ya raka matafiyin bakin ƙofar gari.